Kuregen Ƙarfe

Abah yakan riga ladan tashi.
Ya goge bindigar iskarsa da tsumman tsohuwar riga,
ya yi mata famfo sau bakwai,
ba shida ba, ba takwas ba.
Ina kwance ina ƙirgawa ta bayan bangon gora.

A Ciamis kwakwa ce cinmu, ita ce kuɗin makaranta,
kurege kuwa ɓarawo ne mai haƙoran kafinta:
huda ɗaya, ya lashe ciki, ya bar mana ƙoƙo.
Haji Dudung da wutsiya yake biya.
Wutsiya goma, man girki da sabulu.
Wutsiya ashirin, takalmina na aji huɗu.

Ina shekara goma sha ɗaya ya ɗora mini ita a kafaɗa.
"Wiwin," ya ce, "kar ki riƙe numfashi kamar mai nutso.
Saki rabi. Rabin da ya rage shi ne naki.
Kunama kuma ba a fizgarta,
lallashinta ake yi."

Can ƙololuwa na hango shi,
ya rungumi ɓawo da hannu biyu
kamar ƙanena da kofin shayi.
Na daidaita saiti a gindin kunnensa,
sannan na ɗaga bakin bindiga
faɗin ƙwayar shinkafa.
Dalma ta tsaga ganye, ta yi gaba abinta.

Abah bai ce uffan ba.
Ya kunna tabarsa mai ƙanshin kanumfari.
Daren nan gaya muka ci shinkafa.

Shekara goma sha tara ke nan.
Yau ga ni a gangaren Lembang, tsakiyar gonar shayi,
lamba a gadon bayana, raɓa ta jiƙa mini wando,
gwiwata ce matokari.
Mutum arba'in, wasu bindigarsu ta fi babur tsada.
Tawa ta Abah ce, an sake mata gindi,
an ɗaura mata madubin hange da kuɗin ɗankunnena.

Dabbobin nan duk na ƙarfe ne, baƙin fenti,
kowanne da rami a ƙirji, bai fi bakin kwalba ba.
In ka sami ramin, ya kife.
In ka sami gefe, ya ce maka "ƙal!"
ya tsaya ƙyam yana kallonka.

Akwai alƙali mai usur da takarda,
amma iska ce ke yanke hukunci.
Na rataya zare a bakin bindiga ina karanta ta:
ta ce hagu, ta fasa,
ta yi lamo kamar mage,
ta cinye mini tsuntsu biyu da zomo.

Na ƙarshe, mita hamsin,
gindin wani icce da tsawa ta taɓa raba shi biyu:
kurege.

Na saki rabi.
Na kauce faɗin ƙwayar shinkafa, kamar wancan karon,
sai dai yau iska ta dawo mini da bashina.
Ya kife.

Ta huɗu na zo. Kofi ya bi wani likitan haƙori zuwa Bandung.

Ana naɗe tutoci Abah ya lallaɓo da sandarsa,
yana ta rufe masa ido, sai inuwa yake gani.
Ƙafarsa ta harɗe da igiyar da ke kwance cikin ciyawa.
"Wannan fa, ta mece ce?"
Na sa masa ita a tafin hannu.
"Ja, Abah."

Ya ja.
Can nesa ƙarfe ya yi ƙara, kurege ya miƙe.
Ya sa na sake kayar da shi. Ya sake ja.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Dubu nawa na kayar," ya ce,
"yau ga guda na tayar."

Ya naɗe igiyar a yatsa, ya warware.
"Ke kin riga ni.
Idona ƙalau yake a lokacin, Wiwin.
Na ga bakin bindigar."