Kiɗan Kan Mai Gadi

Shekara talatin ba ɗaya
ina gadin sito a bakin Reluwe.
Wasu ƙarfinsu suke sayarwa,
ni barcina na sayar, dare bayan dare.

Na san gudun ɓera a kan kwano,
na san tarin mai wucewa da na mai laɓe.
Kunnena ya koyi tsayuwa irin ta zomo.
Ko mangwaro ne ya faɗo
sai ya same ni tsaye, tocila a hannu, kulki a tokare.

Yanzu sun sallame ni.
Sun ba ni agogon bango da takarda mai hatimi.
Ga katifa a Tudun Wada, ga fanka, ga gidan sauro,
amma gangar jiki kaɗai aka sallama.
Kai bai ji sanarwa ba,
yana can bakin ƙofa a ɗaure.

Na sha jiƙo, na sha ƙwayar kemis
mai kayar da mutum kamar buhun masara,
ya tashi da hantsi, baki da ɗaci.
An ce barci ɓarawo ne.
To, ni da ɓarawo mun daɗe da sanin juna:
da ya ɗora ƙafa a katanga
zan yi gyaran murya, sai ya tsere.

Zuwaira, 'yar ƙanena mai karatu a Samaru,
ta kai ni Shika ranar Laraba.
Suka kifa mini hula mai wayoyi,
suka shafa wani abu mai sanyi kamar kwanannen koko.
A allo wasu layuka na ta tsalle.
Ta ce, "Baba, ƙwaƙwalwarka ce ke magana."
Na ce, ashe duk shirun nan nawa,
ciki kasuwar Sabon Gari ce a maƙare?

Ta ce in tuna abu mai daɗi.
Na tuna wanka a Kubanni, layi bai lafa ba.
Na tuna ranar aurena, sai ma ya ƙara hawa,
yaran suka ɓoye dariya.
Can na tuna shida na safe,
takun Ɗan'azumi mai karɓata, da ɗingishinsa,
da sanyin makulli yana barin hannuna.
Sai layin ya kwanta kamar macijin da ya ƙoshi.
Ta ce, "Tsaya nan, Baba, kar ka motsa."
Nan suka ɗebi zare.

Da shi suka saƙa kiɗan.
Ba kalangu ba ne, ba goge ba, ba mai waƙa.
Ya fi kama da ɗigar indararo cikin randa
bayan ruwa ya ɗauke,
ɗaya, sai a jira, sai wata,
kamar mai tafiya da ba ya tsoron ya makara,
ba kuma wanda ya biyo shi a fakare.

Daren farko gadinsa na yi.
Na kasa kunne in ji inda zai yi ƙarya.
Na biyu batir ya mutu.
Na uku, ban san a ɗiga ta nawa ba,
na ji kamar an dafa kafaɗata:
"Jatau, kawo makullin, je ka gida,
aikinka ya ƙare."

Asabe ta ce har hannu ta kai hancina
don ta ji ko da sauran numfashi.
Kiran farko ya wuce ni, na biyu ya wuce ni,
liman ya aiko a tambayi lafiya.

Ba kullum yake ci ba.
Wani daren har yanzu ina ƙirga karnukan unguwa.
Amma idan ya zo, ba ya haura katanga.
Da muryata yake sallama,
ni nake buɗe masa,
ya kwashe daren kaf, ya bar ni kwance,
takalmansa a zaure.