Curi Guda

Kafaɗar Orval ta gaji da naushin babbar bindiga,
likitan Kokomo ya ce ƙashin ya tsage.
Sai ya ɗauko 'yar siririyar
da ya saya wa jikarsa Wilma tana aji huɗu,
ta harbin zomo.

Ba barbaɗin dalma ya ɗura mata ba.
Curi guda ne, kamar kan ɗan yatsa.
Barbaɗi kan yafe wa hannu mai rawa,
curi ba ya yafiya.

Tun rani ya auna da ƙafa:
daga kututture zuwa shinge, taku arba'in.
Abin da ya wuce nan ba rabonsa ba ne.

Asubar Nuwamba, ƙanƙara ta kwanta kan karan masara.
Namijin barewa ya fito, ƙaho reshe takwas,
ya coge a taku sittin yana shinshinar iska.
Yatsa na kan kunama.
Saura ashirin, ya ƙi cikawa.

Orval ya karya bindigar, ya zare curin,
ya jefa aljihu kusa da maganin hawan jini.
Da hantsi Wilma ta kira: Kaka, an dace?
Ya ce: Na gan shi. Yana nan lafiya.