Dutsen da Ke Son Gida

Bayan isha'i, kowace Asabar,
ni ke buɗe ƙofar tsohon bariki.
Kwaɗon ya girme ni, ya girmi ubana,
sai na lallashe shi da man gyaɗa yake juyawa.

Tabarma goma sha bakwai gare mu,
biyu sun yage, rabon masu latti.
Ƴan lakwal a gaba, gwiwa na gugar gwiwa,
mata a gindin bedi, goyo a baya,
tsofaffi sun jingina da bango,
don dutsen Adar yana ɓoye zafin rana
ya sake shi sannu cikin ƙugu mai ciwo.
Ƴan kabu-kabu ba sa sauka daga babur,
wai wucewa suke. Kullum wucewa suke
har a watse.

Iya Tumba ta iso da sandarta,
ta tofar da tukar goro, ta dubi lasifika
yadda ake duban baƙon kare.
Mushe Arzika ya riƙe mata kusa da baki.
Ta ce ga ta nan. Muka ce ta zo.

Wai wani dutse ne aka ciro daga tudu,
aka aza bisa kan wani saurayi, ba gammo,
tafiyar wuni, ba ruwa, ba lada,
sai bulala mai ƙirga sawu.
Aka dasa shi tsakanin duwatsun da bai sani ba,
kowane dare yana tare iska:
ina labarin tudunmu?

Nan wuta ta ɗauke.
Tawa duka ta yi ɗif,
lasifika ta mutu a hannun Mushe.
Wani ya kunna fitilar salula, Iya ta ce kashe,
tatsuniya ba ta son a haska mata fuska.
Muka ja tabarmi muka matso
har ina jin numfashin baƙo a wuyana.
Taurari suka sauko kan katanga
kamar su ma an rage musu wuri.

Sai ta yi shiru.
Shirun ya yi tsawo.
Na san irinsa: zaren ya kuɓuce mata.
Shekara tamanin da ɗoriya
ba sa barin kaya inda ka ajiye.

Hassu, ƴar mai waina, giɓi biyu a gaba,
ta ɗaga murya: Iya, ai gangarawa ya yi ya koma gida!
Haka kika ce bara, yana cikin wayar babana.

Dariya ta tashi. Iya ba ta yi ba.
Ta miƙa hannu baya tana shafar bango,
ta laluba, ta laluba, ta tsaya kan guda
mai tsaga kamar leɓen raƙumi.
Ta ce: na bara ke nan, ɗiyata.
Bana bai tafi ba,
ya ji muryar yara, ya ce bari in ji ƙarshe.
Wanda ya ɗauko shi sunansa Nomau.
Tsakar kansa gashi bai ƙara tsirowa ba.
Ni ke shafa masa man shanu a wurin
ina kamarki.

Ba wanda ya yi tari.
Jaririn da ke kuka ya kama nono ya yi kurum.
Ɗan kabu-kabu guda ya sauko daga babur
ya tsuguna a ƙasa, inda babu tabarma.

Wuta ta dawo ba sallama,
ta iske mu da jiƙaƙƙun idanu,
kowa ya hau neman takalmi.
Ba ta ce ƙurunƙus ba. Na lura.
Cewa ta yi a kama ta, ƙafa ta sage.

Na naɗe tabarmi, goma sha bakwai,
na share ɓawon gyaɗa da ƙwallon aduwa.
Shekara ashirin da biyu ina gadin bangon nan,
ina korar awaki,
ina goge sunayen da masoya suka rubuta da gawayi,
ban taɓa tambayar wa ya ɗauko shi ba.
Na ɗauki fitila na bi shi jeri-jeri
ina neman mai leɓen raƙumi.
Na sami uku.
Na yi wa dukansu sai da safe,
na ja ƙofa.