Faifai Arba'in da Bakwai

A ƙarƙashin gadona, a unguwar Mangwon,
akwai faifai arba'in da bakwai, duk waƙa ɗaya.
Ba don kunne na saye su ba.
Ɗan hoton da ke ciki nake farauta,
ko zan dace da fuskar Seol-ha
mai ɗigon baƙi a ƙasan ido.
Sau uku kacal na dace.

Da dare ina jinyar tsofaffi,
kunne ɗaya a kan ƙarar na'ura,
ɗayan a kan muryarta.
Shekarunta goma sha tara.
Kamfani ke riƙe da sikelinta,
shi ke ƙirga mata loma.

Ran da ta yanke jiki a dandamalin Busan
ganga ba ta tsaya ba.
Washegari suka ce mura ce.

Mura!

Uwata 'yar tsibirin Jeju ce,
shekara hamsin tana nutso da numfashi ɗaya.
In ta ga ƙaramin dodon koɗi manne da dutse
sai ta shafa shi ta wuce.
Takan ce: wanda ya kwashe har ƙanana bana,
baɗi gishiri kawai teku zai ba shi.

Na kira Bok-hui mai shagon fure,
ta kira Da-som malamar lissafi,
kafin gari ya waye mun haura dubu uku.
Muka yi karo-karo, muka yi hayar babbar mota
mai allon fitila a gadon bayanta,
muka girke ta a ƙofarsu a Gangnam:
A BAR YARINYA TA YI BARCI.
BA MA SAYE SAI TA WARKE.

Masu kwat suna leƙe daga hawa na sha biyu.
Da can sunanmu 'yan ihu.
Ashe ihun nan ne ginshiƙin benen,
albashinmu ne simintin.
Mako biyu muka ɗaure bakin jaka,
sai ga takarda: hutun wata uku.

Ba mu yi guɗa ba.
Akwai wasu yaran a ɗakin atisaye na ƙasa,
ba mu ma san sunansu ba tukuna.

Jiya na kai arba'in da shida wurin masu sake narka roba.
Tsohon ya auna, ya dube ni, bai ce uffan ba.
Na dawo da ɗaya a aljihun riga
in saurara a nitse, karon farko.
Sai a bakin ƙofa na tuna
ba ni da abin saka faifai.