Ƙidayar Safe a Leiden

Ƙarfe bakwai na jingine keke a bakin gada,
yayyafi ya jiƙa mini safa.
Hawa na uku, ɗakin da bai san bazara ba, bai san hunturu ba,
kullum ɗumi ɗaya, kullum warin yisti.
Aikina ƙidayar matattu.

Kwalabe ɗari biyu da arba'in a jere,
kowace da ƙudaje goma sha biyar,
jajayen idanu, jiki bai kai ƙwayar riɗi ba.
Nakan ƙwanƙwasa gilashi da farce.
Wanda ya tashi ya kwana lafiya,
wanda ya zauna a rigingine in ɗiga masa tawada a littafi.

Masu jan tambari sun sha gata tun suna tsutsa,
ci har wuya,
kwana tara suka fasa ƙwanso suka miƙe fiffike.
Masu shuɗi kuwa mun tsinka musu abinci,
suka yi ta jan ciki suna lalube,
sai da suka ƙara kwana huɗu a kai,
suka fito 'yan firit
kamar ba za su ga jibi ba.

Yau kwana saba'in da ɗaya.
Jan tambari ya ƙare tun makon jiya.
Shuɗi na nan yana hawan bango,
yana wanke fuska da ƙafafun gaba.

Sai na tuna mahaifina Gerlof,
haihuwar hunturun yunwa,
lokacin da kakata ke dafa albasar furanni
tana haɗiya da ƙyar don nono ya kawo.
Shi ma ɗan firit ya zo.
Bai taɓa barin ɓawon burodi a faranti ba.
Yana da hamsin da takwas zuciya ta tsaya,
ya sunkuya ɗaurin takalmi, bai ɗago ba.

To wace yunwa ce ke ƙara kwana,
wace ce ke ba da bashi
ta dawo karɓa da ruwa?
Farfesa Oosterhuis ya ajiye kofin shayi,
ya ce, Wietske, mutum ba ƙuda ba ne.
Na sani.

A kwalba ta ɗari da shida saura ɗaya tal,
mace, fiffiken hagu a yage.
Ƙa'ida ta hana mu sa musu suna.
Na juye ta cikin sabon abinci,
na toshe baki da auduga,
na rubuta: ɗaya, da rai.
Saura kwalba ɗari da talatin da huɗu.