Daren Bodari

Ƙarfe biyu da kwata na dare, watan Oktoba,
Tobin ya dami ƙofa da karta.
Na tashi da silifa ɗaya na buɗe masa,
na tsaya ina hamma a baranda,
raɓa ta soma daskarewa a kan ciyawa.

Haushi biyu. Sai tsit.
Sai ga shi a guje, idanu na zubar ruwa,
kafin in ce kanzil ya bi ta tsakanin ƙafafuna.

Warin bai biyo ta hanci ba da farko,
ta harshe ya shigo:
tayar mota a wuta, ruɓaɓɓiyar tafarnuwa,
ƙwan da aka manta a aljihu tun bara.
Can gindin tuffa na hango mai aika-aikar,
baƙi wuluk, farin zane biyu a gadon baya,
jela a sama, yana takun ƙasaita
kamar shi ke biyan harajin gidan.

Bodari. Shekara talatin da ɗaya a nan
bai taɓa waiwayarmu ba sai bana.

Na kira Wendell, don shi barci ya ƙaurace masa
tun da ya bar aikin jirgin ƙasa a Duluth.
Ya zo da tocila a goshi da gwangwanin tumatir shida,
wai haka kakarsa ke yi.
Muka sa Tobin a baho cikin gareji muka tuttula.
Farin kare ya koma jajaja,
wari na nan daram, sai dai yanzu da miya.
Wendell ya sosa ƙeya ya ce,
ita kakar dama hancinta ba ya aiki sosai.

Nan na tuna takardar Solveig a jikin firij,
da rubutunta mai kishingiɗa hagu:
ruwan wanke ciwo mai kumfa, bekin soda,
cokali guda na sabulun kwanuka,
a dama a buɗe, kar a toshe a kwalba,
kar ya shiga ido.
A ƙasa ta ja layi biyu:
kar ka yi masa faɗa, Arvid, bai sani ba.

Na cuɗa, na jira, na ɗauraye. Har sau uku.
Yana rawar ɗari, ni ma haka.
Wajen ƙarfe biyar Wendell ya tafi,
ya tuɓe rigarsa ya bar wa shinge.

Sai da na shiga falo na gane inda ya fara nufa.
Ba kafet ba, ba gado ba.
Kujerarta. Koriyar suwaitar da ke rataye a kai,
wata goma sha ɗaya ban wanke ba,
don wuyanta na riƙe da ɗan abin da ya rage:
man hannu, kirfa, ƙamshin kofin safe.
A nan ya cusa fuska da yaji ya cika masa ido.
Wurinta ya gudu.
Da ni ne, can zan gudu.

Na ɗaga na sansana, ko da saura.
Babu. Bodari ya yi awon gaba da komai.

Na zauna a ƙasa ina jiran kuka,
sai dariya ta riga shi isowa,
irin tata, mai sa ta dafa tebur.
Tobin ya leƙo daga cikin tawul,
kunne ɗaya har yanzu ja.

Da hantsi na wanke suwaitar na shanya a igiya,
iska ta cika mata hannuwa.
Mai kawo wasiƙa ta ja burki daga nesa,
ta toshe hanci, ta ɗaga mini ambulan.

An ce duk sanda ruwa ya taɓa gashinsa
warin kan dawo, har wajen Kirsimeti.
To, ya dawo mana.
Gidan nan ya daɗe bai yi warin abu mai rai ba.