Kwana Ashirin da Takwas

Shekara talatin da ɗaya ina rabon wasiƙu a Skelthorpe,
ko ruwa ake, ko ƙanƙara,
ban taɓa kai wa mutum takarda a makare ba.
Tawa kuwa da ta zo
sai ta kwana arba'in a bayan ƙofa,
tsakanin tallan abinci da takardar kuɗin wuta,
ni ina asibitin Leeds a kan kujerar roba
ina ƙirga numfashin Maud.

Takardar ta ce ƙaramar hukuma
za ta janye kariya daga bishiyar kan iyakarmu,
mai jan ganye kamar tagulla,
wadda ta riga duk gidajen layin zuwa duniya.
Mai ƙorafi yana da kwana ashirin da takwas.
Ashirin da takwas!
Toho ma bai gama zama ganye ba a cikinsu.

Kada in yi ƙarya, ni ma na taɓa kai ƙararta.
Duk kaka sai ta toshe mini indararo,
saiwarta ta ɗaga dandamalin ƙofa har Maud ta yi tuntuɓe.
Reshe biyu kawai na nemi izinin ragewa.
Mista Hebblethwaite ya zo da igiyar awo da fuskar shanu,
ya ce ko tsinke na karya, tara ce.
Na bi doka. Na sayi tsani.

Sai Corwin Ashby ya sayi gidan kusa,
shi da motocinsa uku da ba su da wurin kwana.
Shi ya samo masanin da ya rubuta cewa cikinta ya ruɓe.

Ran da na dawo da jakar kayan Maud a hannu,
haske ne ya fara mari na.
Ɗakin girkinmu bai taɓa ganin rana haka ba.
Na daɗe a tsaye
ina tunanin wa ya bar fitila a kunne.

Wata huɗu hannuna bai yarda da biro ba.
Da ya yarda, na rubuta shafi shida.
Suka ce sun karɓa.
Suka ce mai kula da batun ya tafi hutu.
Suka ce an mayar da shi wani sashe.
Bayan wata biyar suka ce an bi ƙa'ida.
Na sake rubutawa, suka sake bin ƙa'ida.

Daga nan na kai kuka ofishin sauraron koke-koke.
Wata yarinya mai taushin murya ta kira ni,
ta yi mini ta'aziyya, na ji har zuciyarta take yi,
sannan ta ce wata goma sha biyu ne iyaka
daga ranar da na sani,
ni kuwa na wuce da kwana tara.
Na ce, watannin da suka riƙe takardata fa,
a jakar wa za a zuba su?
Ta yi shiru.
Na ji ƙarar madannai, na san bakin alƙalami ya bushe.

Na san ihu ne bayan hari.
Ba bishiya nake nema a mayar mini ba,
na san zarto ba ya tafiya da baya.
Layi ɗaya nake so, da sa hannu a ƙasa:
ba mu duba da kyau ba.

Jiya da Ashby ya fita na tsallaka shinge,
na durƙusa a kan kututturen da gwiwoyin nan nawa,
na bi zobban da farce, ɗaya bayan ɗaya.
Ɗari da arba'in da uku.
Tun daga ɓawo har cibiya itacen garau yake,
ba ruɓa ko ta bakin allura.

Akwai kuregen da har yau yake zuwa da sassafe,
ya hau kututturen, ya ɗaga kai sama, ya jira.
Shi ma ya makara.

Kaka ta shigo.
Na jingina tsani kamar kullum, na hau a hankali,
na zura hannu cikin indararo.
Tas yake.
Na daɗe a can sama ban sauko ba.